Mun iya yaɗa hoton motar Jelani, amma Fijon Baba mun auna ta a sikeli

1/
Zaren nan yana da tsawo, kuma wasu za su ji haushi. Ba komai. Magana ce a kan tsofaffin motoci, da yadda muka ƙware wajen yabon mota a waya da yanka ta a fili. Duk mazaunin Tudun Wadan Zariya ya san abin da nake nufi. Unguwa kaɗan ce babu gidan da wata Fijo ta shekara goma a ƙofarsa a kan duwatsu. Ranar nan ka wayi gari ba ta nan. Ka tambaya, a ce maka 'yan gwangwan sun ɗauka.

2/
Amma ku bari wani ya saka hoton Chevrolet Volt ya rubuta "ɗan Sakkwato ne ya zana ta". Nan da nan sai yabo, sai tutar Nijeriya, sai masha Allah dubu. Mu ɗin nan dai. Hannun da ya danna wa hoton so shi ne ya karɓi kuɗin kilo. Wannan fuska biyun ce ta dame ni.

3/
Bari in fara da abin da ake kira konsef, don da yawa muna faɗin kalmar ba mu san nauyinta ba. Mota ce da kamfani ke ƙerawa ƙwaya ɗaya, wani lokaci biyu, ba don sayarwa ba. Motar nuni ce. Ana yin ta don a gwada tunani: in muka yi fitila haka, in muka cire wannan ginshiƙin, mutane za su so? Wadda aka fi ɗauka ta farko ita ce Buick Y-Job ta 1938, aikin Harley Earl na kamfanin General Motors. Fitilunta a ɓoye suke, gilashinta da lantarki yake hawa yana sauka. A 1938 fa! Earl ya riƙa hawanta zuwa ofis shekaru, kuma har yau tana hannun kamfanin a jihar Michigan.

4/
Kada wani ya ce Bature daban ne, shi ba ya yar da kaya. Ƙarya ne, ya yar. A shekarun 1950 General Motors na yin wani baje koli mai suna Motorama, yana zagaya biranen Amurka da irin waɗannan motocin. In an gama yawo sai su zama kaya. Ba a yi musu gwajin hawa titi ba, lauyoyin kamfani na tsoron a sayar wani ya yi haɗari a maka su a kotu. Sai aka ce a lalata su.

5/
A cikinsu akwai Chevrolet Biscayne ta 1955. Ƙofa huɗu, na baya suna buɗewa ta baya, babu ginshiƙi a tsakiya, bodinta ba ƙarfe ba ne, faiba ce. A 1958 aka kai ta wata bolar motoci mai suna Warhoops a bayan garin Detroit a ce a murƙushe. Mutanen bolar suka yanka ta gunduwa-gunduwa don a ga an bi umarni, amma ba su jefa ta injin niƙa ba. Suka watsa gutsattsarin a cikin tarkace suka yi shiru.

6/
Shekara kusan talatin tana kwance a wurin, ruwa da ƙanƙara na dukanta. Sai a ƙarshen shekarun 1980 wani mai tara irin waɗannan motocin daga Chicago, Joe Bortz, ya samu labari ya je ya tono ta, tare da wasu 'yan uwanta irin su LaSalle II. Shasinta ya riga ya ɓata. Da tsofaffin hotunan da kamfanin ya adana aka sake ƙera shi. Aikin ya ci sama da shekara ashirin kafin a nuna ta cikakkiya a 2010.

7/
Ku lura da wanda ya cece ta. Ba gwamnati ba, ba farfesa ba. Ɗan bola ne da ya kalli abu ya ce wannan ya fi ƙarfin sikeli, da mai kuɗi ɗaya da ya yarda ya jira, da wani ma'aikacin ofis da bai ƙona hotuna ba. Mutum uku. A cikin ukun nan wanne ne Zariya ba ta da shi? Muna da 'yan bola, muna da masu kuɗi har sun yi yawa, muna da masu ɗaukar hoto tun zamanin baƙi da fari.

8/
Har wadda ta ɓace gaba ɗaya an dawo da ita. BMW Garmisch, zanen Marcello Gandini, an nuna ta a Geneva a 1970, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. A 2019 BMW ya sake gina ta daga 'yan hotuna da abin da tsohon ke iya tunawa, don yana raye lokacin. Ya rasu a 2024. Da sun ƙara yin jinkiri, da launin kujera ma sai dai a yi ta musu.

9/
To mu dawo kan namu. Jelani Aliyu an haife shi a Kaduna a 1966, asalinsa Dogon Daji a jihar Sakkwato. Abin da 'yan Zariya ba su cika faɗa ba shi ne, a nan ABU ya fara karatun zanen gine-gine kafin ya bari ya koma kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi. Daga can ya tafi Detroit a 1990, ya gama College for Creative Studies a 1994, General Motors ya ɗauke shi.

10/
Volt ɗin da ake yaɗawa da sunansa konsef ce. An buɗe ta a baje kolin motoci na Detroit a watan Janairun 2007. Tunanin shi ne batir ya ja motar kusan kilomita 64, in ya yi ƙasa sai ƙaramin injin fetur ya tashi ya yi aikin janareto. Wadda aka fara sayarwa a ƙarshen 2010 kamanninta daban ne, don da aka saka ta nunin a ɗakin gwajin iska sai aka ga siffarta na tare iska da yawa, dole aka gyara. Wannan ba aibi ba ne, aikin konsef kenan. Amma ta yaya muka san duk wannan? Saboda an ajiye zane, an ajiye hoto, an ajiye bidiyo, an rubuta me aka canza da dalilinsa.

11/
Yanzu ku kwatanta da Z-600. Injiniya Ezekiel Izuogu ya ƙera ta a Owerri, ya nuna ta a 1997, da niyyar ta zama motar Nijeriya mai araha. Ƙararrawar ƙofar gida ya saka mata a matsayin oda, kuma har yau wannan ne kaɗai abin da wasu suka riƙe suna dariya. Gwamnatin soja ta lokacin ta tura kwamiti ya duba, aka yi alƙawarin tallafi, kuɗin bai fito ba. A 2006 'yan fashi suka shiga wurin aikinsa suka kwashe abin zubin injin da takardun zane. Ya rasu a 2020.

12/
Ban ce Z-600 za ta kayar da Toyota ba. Wataƙila ba ta da kyau, wataƙila injinta ba zai kai Abuja ba. Ba ruwana. Y-Job ma ba a taɓa sayar da ko ɗaya ba. Amfanin irin wannan motar shi ne yaro mai shekara goma sha biyar ya tsaya a gabanta ya ga inda aka yi walda, ya ce "ni zan fi haka". Ba za ka ce zan fi haka ga abin da ba ka taɓa gani ba.

13/
Haka ɗaliban injiniya na ABU da suka ƙera motocin ABUCAR suka shiga gasar Shell Eco-marathon. Waɗannan motocin nuni ne na gaske, a Samaru aka yi su, kuɗin mota ɗaya ne daga nan. Irinsu wurin zamansu shi ne inda ɗan firamare daga Gyallesu ko Tudun Jukun zai shiga ya gani, da sunayen waɗanda suka yi aikin a rubuce a jiki.

14/
Amma gaskiya babban abin da ke ƙona min rai ba konsef ba ce. Fijo 504 ce. Na san ba motar nuni ba ce, miliyoyi aka yi. Sai dai yadda muke cinye ta, nan gaba kaɗan wadda aka haɗa a Kaduna kuma ba a taɓa ta ba za ta fi konsef wuyar gani.

15/
Ku ji tarihinta kaɗan. Ta fito a Faransa a 1968, gidan zane na Pininfarina na Italiya ne ya yi fasalinta, ta ci motar shekara ta Turai a 1969, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. A shekarar 1975 ɗin ne kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Faransa ta daina yin ta a 1983. Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, kuma nan ne wuri na ƙarshe a duniya da aka haɗa 504.

16/
Ga abin da zai ba ku mamaki. Shekaru da dama kayan haɗa Fijo ba ta ruwa suke zuwa ba. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA ne ke ɗauko su daga Lyon su sauke a filin jirgin Kano, manyan motoci su kwashe zuwa Kaduna. Hanyar Kano zuwa Kaduna kuwa ta ina take bi? Ta Zariya. Wato wannan motar ta ratsa garin nan a cikin akwati tun kafin a ɗaura mata taya, sannan ta dawo a matsayin motar hakimi, motar malamin Kongo, tasi, motar asibiti, a-kori-kurar da ke kawo tumatir da rake.

17/
Lokacin ba Kaduna kaɗai ba ce. Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Enugu. Ƙasar nan ta taɓa haɗa motocinta. Yau matashi ɗan shekara ashirin in ka gaya masa sai ya ɗauka tatsuniya ce, kuma yana da uzuri, don shaidar mun narka ta mun yi rodi.

18/
Yadda abin ke faruwa kowa ya sani. Mai gida ya rasu, Allah ya jiƙansa. A zo rabon gado. Gida a yi masa kuɗi, gona a yi mata kuɗi, mota kuma a ce "wannan ai mushe ce". Babu wanda zai nemi mai sha'awa, babu wanda zai saka hotonta a waya ko na kwana uku. A kira yaro mai kura da sikeli. Kafin la'asar an sa mata wuta da guduma, lagireto gefe, wayoyi gefe saboda jan ƙarfe, sauran a loda zuwa inda ake narkawa.

19/
Ban ga laifin 'yan gwangwan ba, kuma kada kowa ya zage su a ƙarƙashin zaren nan. Sana'arsu ce, ƙarfe suka zo saye, ƙarfe aka sayar musu. Laifin na mai digiri ne da ke tsaye a wurin yana danna waya, wanda ya san me ake kira tarihi, ya san kuma cewa fitilar baya ta asali guda ɗaya mai neman ta zai biya abin da ya fi na nauyinta nesa ba kusa ba. Har marayun ma an cuce su a lissafi.

20/
Maƙiyi na biyu ya fi ɗan bola haɗari, don shi da sunan ƙauna yake zuwa: mai "gyara". Na taɓa tsayawa a wani gareji, ba zan faɗi inda yake ba, ana aikin wata 504 da bodinta bai taɓa haɗari ba. Tsatsa ta ci ƙasan ƙofa. Maimakon a yanke a sa sabon ƙarfe, aka cusa takardar siminti aka shafe da fila kamar ana yaɓen ɗaki. Aka cire injinta aka dasa na Toyota, aka yar da kafireto, aka yanka dashbod aka saka talabijin, aka yi mata fenti mai walƙiya. Mai ita na ta murna wai ya dawo da motar mahaifinsa. Na ce masa Alhaji, wannan ba ita ba ce. Ya ce ai ta fi da gudu.

21/
Motarka ce, kuɗinka ne, ka sa mata injin jirgi in ka so. Amma kada ka kira shi dawo da tarihi. Dawo da mota yana da ƙa'ida, kuma ba ta da wuyar fahimta. Kafin a kwance ƙusa ɗaya a ɗauki hoton ko'ina. A rubuta lambar shasi da ta injin. A duba ƙarƙashin kafet ko cikin but a ga launinta na asali, don nan rana ba ta kai ba. Duk abin da aka cire a sa masa alama a ajiye, ko ya lalace, saboda shi ne samfurin da za a ƙera wani da shi. Tsatsa yanke ta ake yi, ba a rufe ta. Fila kuwa in ta fi kaurin farce, an fara ƙarya.

22/
In dole sai an canza wani abu don motar ta hau titi lafiya, kamar tiyon birki ko wayoyin da suka ƙone, a canza, ba wanda ya ce ka kashe kanka saboda tarihi. Amma a yi shi yadda na gaba zai iya mayarwa, kuma a rubuta a littafi. Littafin nan na makaranta mai shafi arba'in ya isa.

23/
Wata motar ma ba a gyara ta sam. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Onikan, Legas, da hujojin harsashi a jikinta. Tsohon ɗalibin Barewa ne, nan Zariya. Ku yi tunanin a ba irin garejin can ita. Wallahi kafin sati sun toshe hujojin sun goge ta tana ƙyalli, su ce an taimaki tarihi.

24/
Na san abin da ke zuwa. "Malam, mutane na fama da yunwa kai kana maganar tsohon ƙarfe." Na ji, kuma ba wasa ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mai mota mai lafiya ma ajiye ta yake ya hau keke. Wanda ya sayar da mushen mota ya sayi masara ba ni da bakin yi masa faɗa. Amma ku faɗi gaskiya, yawancin gidajen da na ga an yanka mota a ƙofarsu ba yunwa ce ta sa ba. Wurin ajiye sabuwa ake nema.

25/
Kuma masu kuɗin garin nan da ke kashe miliyoyi a dina ɗaya, da fulawar roba da hayaƙin da ango zai ratsa, yunwar ba ta hana su ba. Sai an zo kan abin da zai ba bakanike, mai walda, mai rewaya, mai ɗinkin kujera da mai fenti aikin wata shida, sannan ake tuna talaka.

26/
Wani kuma zai ce almubazzaranci ne, ko son duniya. To Zazzau ce fa. Muna kai baƙi su ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19. Muna alfahari da Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a garin nan a 1939. Kayan doki na hawan sallah ana gadonsu kaka da kakanni, ba mai cewa a auna likkafa a kilo. Mun san darajar tsohon abu sarai. Kawai mun yanke cewa abin da ke da baƙin mai a jiki ba ya cikin lissafi, saboda masu yinsa ba mu ɗauke su masu ilimi ba.

27/
Nan ne asarar ta fi girma. Akwai dattawa a garejin Tudun Wada da Sabon Gari da za su saurari 504 daga nesa su ce maka fulogi na uku ne, ko kafireto na shan iska. Sun san yadda ake saita shi da kunne. Sun san wace ƙusa ce ke karyewa in ka yi mata gaggawa. Babu inda aka rubuta wannan. Yaran da ke hannunsu yanzu motocin kwamfuta suka taso da su, abin da kasuwa ta koya musu shi ne cire wannan, saka na Beljiyam. Ba laifinsu ba ne, abin da ke kawo kuɗi kenan. Amma duk dattijon da aka kai makwanci cikin waɗannan, ya tafi da abin da ba a sayarwa a Panteka ko Ƙofar Ruwa.

28/
Jelani ya riƙe hukumar NADDC mai kula da ƙira da haɓaka motoci daga 2017 zuwa 2023, ya yi ta maganar motocin lantarki. Da kyau, can duniya ta nufa. Sai dai yaron da zai zana motar lantarki ta 2040 yana buƙatar ya taɓa kwance wani abu da hannunsa, ya ga dalilin da ya sa 504 ke shanye ramin hanyar Giwa kamar ba komai. Motar da ke da sauƙin kwancewa, wadda komai nata a fili yake ba a cikin baƙin akwati ba, ita ce makaranta mafi araha. Muna da Nuhu Bamalli, muna da ABU, muna da makarantun koyon sana'a. Ɗaya a kowane wurin koyon aiki ba ta fi ƙarfin kowa ba.

29/
Ba na jiran gwamnati, kuma ku ma kada ku jira. In akwai tsohuwar mota a gidanku, Fijo ce, Boswaja ce, Marsandi ce, Datsun ce, ga abin da nake roƙo. Ku ɗage ta daga ƙasa, ku rufe ta yadda ruwa ba zai kwanta a ciki ba amma iska na shiga, ku kori awaki. Ku nemo takardunta, rasit ɗin saye in yana nan, tsohuwar lamba, hoton da Baba ya ɗauka a jingine da ita. Ku zauna da direban da ya tuƙa ta ku kunna rikodin waya, ya ba ku labarin inda ta je.

30/
In ya zama dole a sayar, ku ba ta sati biyu a waya kafin ku kira mai sikeli. Ku ɗauki gaba, baya, gefe biyu, cikin injin, dashbod, da ƙaramin farantin da ke ɗauke da lambar shasi, yawanci yana cikin bonet. Ku turo a ƙarƙashin zaren nan tare da shekararta da garin da take, ba sai kun sa adireshi ba, zan yaɗa. Wanda kuma ya san dattijon bakaniken Fijo a Zariya da zai yarda a ɗauki hirarsa, ya nemi izininsa tukuna, sannan ya yi min magana ta akwati. Ina da Asabar da Lahadi.